Ƙarar salansa daban, ƙarfin inji daban

Garejina a Kura yake, aikinmu rabi motocin haya ne irin su Golf 3 da Sharon, rabi kuma injinan ban ruwa na manoman Kadawa idan rani ya kama. Amma kwanan nan samari sun ɓullo mana da wata sabuwa, yaro zai kalli bidiyon tseren miƙaƙƙen titi na Amurka a waya sai ya taho wai oga a yanke salansa a taɓa kafireto motarsa ta kai ƙarfin doki 300. Golf 3 mai inji 1.8 fa, wadda kamfani da kansa ya ce doki 90 gare ta ranar da ta fito fil a leda, yau ta haura shekara 25 tana jigilar tumatir, ringi ya cinye, hayaƙi kamar ana gasa masara.

Su waɗancan motocin da suke gani, ajin Top Fuel na NHRA, hukumar da ke shirya tseren, gaskiya ne ana ƙiyasta musu doki wajen 11,000, amma ba fetur suke sha ba, wani mai ne naitiromitan, kuma tafiyar ƙafa 1,000 ce kacal, ƙasa da daƙiƙa 4 an gama. Da kwata mil ake yi, mita 402, sai a 2008 bayan hatsarin da ya kashe direban tsere Scott Kalitta aka rage. To abin da bidiyo baya nunawa shi ne duk gudu ɗaya sai makanikai sun kwance injin sun duba fistin da biyarin, kulochi ma sai an sake shi. Wa zai iya wannan da kuɗin lodin tumatir na kasuwar Kwanar Gafan?

Ni abin da ya fi damuna ma lambar da ake liƙawa. Injin ban ruwa na Honda GX160 kowa 5.5 yake ce masa, alhali kamfanin yanzu 4.8 yake rubutawa a takardarsa, ballantana kwafinsa da ake manna wa 6.5 ko 7 a jikin tanki, ja ruwa da shi daga kanal ka ji yadda zai dinga nishi. Mota ma haka, lambar kamfani a jikin inji aka auna ta, kafin ta ratsa giyabos ta isa taya an yi asarar kusan kashi 15 cikin ɗari. Mu nan ba mu da na'urar daino ta awo, saboda haka duk makanikin da ya ce maka ya ƙara maka doki 50 tambaye shi da me ya auna, da kunne?

In kana son ƙarfi na gaske inji sai ya shaƙi iska da yawa ya ƙona mai da yawa, shi ne aikin turbo, kuma in ka ɗora shi kan tsohon fistin da lagireton da ke tafasa tun azahar, gaskit ne zai fara tafiya sannan kwanrod ya huda bulok. Abin da nake iya yi wa mutum, kuma nake karɓar kuɗi a kai ba kunya, shi ne in dawo masa da dokinsa 90 ɗin nan da suka zube, a sa ringi sabo a wasa bawul a saita tayimin a canja fulogi da baƙin mai nagari. Wasu su yarda, wasu su wuce wajen mai walda ya fasa musu salansar, da yamma mu ji su sun nufi hanyar Zariya.