Jakar tsohon keke a kan sabon keke

Da a ce ban ɗauki kayan gyara ba ne ranar, da tuni na manta da maganar. Sai in ce sakaci na yi, na ji a jikina, shi ke nan. Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne jakata cike take fam. A cikin abokan hawa ni ake tsokana da nauyin kaya, kuma ni ake tsayawa jira idan tayar wani ta yi faci, don an san ba a rasa komai a wurina. Amma da abin ya zo kaina, na zazzage jakar nan a kan wani falalen dutse, sai na ga kusan duk abin da ke ciki na wani keke ne da na riga na sayar.

Wata biyu kafin nan na canza keke. Tsohon mai giya 10 ne a baya, taya inci 27.5, shokazoba a gaba kawai, birkin waya. Sabon kuwa giya 12, taya inci 29, shoka gaba da baya, birkin mai. Ranar da na kawo shi gida na kwance jakar da ke ƙarƙashin sirdin tsohon na ɗaura wa sabon, ko zif ɗinta ban ja ba. Me zan duba? Shekara huɗu muna tare, na san abin da ke cikinta kamar yunwar cikina.

Ni da ƙanena muka fita. Hawan babu abin faɗi. A gangarowa ne, saura kamar kilomita 14 mu isa inda muka bar mota, wani busasshen reshe ya shige tsakanin sifokin tayar baya da diraila, wato abin da ke sauya wa sarƙa giya. Ban ma gan shi ba. Ƙara kawai na ji, ƙas, taya ta cije, keken ya ja burki da kansa. Da na sauka na duba, diraila na lilo a jikin sarƙa, hanga, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe da ita a jikin firam, ta karye gida biyu, sarƙar kuma ta murɗe a wuri ɗaya.

Gaskiya ko gezau ban yi ba. Aikin hanga ke nan, ta mutu don firam ya rayu, kuma ni mutum ne mai yawo da hangar safaya. Ƙanena ya dawo da baya ya tsuguna ya ce, "Yaya, kana da wata kuwa?"

Na ce, "Haba, ni kake tambaya?"

Wannan amsar ta fi komai tsaya mini a rai. Na warware tsumman da na naɗe ta a ciki, na kara ta a jikin firam, na juya ta, na sake juyawa. Ko kama ba su yi ba. Ta tsohon keken 'yar ƙarama ce da sukurori biyu ke riƙewa. Sabon kuwa wata irin hanga da ake kira UDH yake amfani da ita, wadda kamfanin SRAM ya fito da ita a 2019, aksil ɗin tayar baya ta cikinta yake bi. Kuma ba wai ban sani ba. Na karanta kafin in sayi keken, har na ji daɗi na ce to madalla, an huta da neman hanga irin ta wane da wane, wannan kusan ko'ina ana samunta. Na ji daɗin tana da sauƙin samu, sai ban saya ba. Ƙwaƙwalwata ta riga ta rubuta cewa akwai hanga a jaka, ba ta damu da ko ta wane keke ba ce.

Ƙanena bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Ya karɓi tarin alankina mai ninkewa don mu cire guntun da ya rage a jikin firam, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗago kai. "Yaya, naka a 6 ya tsaya." Nashi ma haka. Notin UDH alanki mai milimita 8 yake sha, kuma zarensa a juye yake, ba irin na sauran notuna ba. Ashe ko da na zo da hangar da ta dace, sai dai in riƙe ta a hannu ina kallo. Kuskure biyu ne kwance a kan juna, ɗaya ya rufa wa ɗaya asiri tsawon wata biyu.

To, saura dabara ta biyu, wadda kowa ya san labarinta amma kaɗan ne suka taɓa yi: a cire diraila gaba ɗaya, a rage tsawon sarƙa, a ɗora ta a kan giya ɗaya a lallaba a koma. Abin yanke sarƙa yana nan, kuma ya yi aikinsa. Na fitar da wurin da ya murɗe, na auna a kan wata giya ta tsakiya, na yanke. Na laluba ƙasan jaka na zaro mahaɗin sarƙa, ƙwaya ɗaya tal, a cikin 'yar ledarsa. A jikinsa an buga 10.

Tazarar da ke tsakanin fil da fil a sarƙar keke iri ɗaya ce, rabin inci, ko giya nawa ce. Faɗi ne ya bambanta. Ta giya 10 tana kusan milimita 5.9, ta giya 12 kuwa kusan 5.3. Bambancin bai kai kaurin farce biyu ba, shi ya sa na ce zai yi. Kuma ya rufu, sai dai yana ɗan wasa gefe da gefe. Muka dubi juna muka ce a gwada.

Ban yi kilomita ɗaya ba. Giyoyin kaset mai 12, wato jerin giyoyin da ke tayar baya, a matse suke da juna, ga haƙoransu an sassaƙa su ne musamman don su ɗauki sarƙa su haurar da ita sama. Duk zagayowar da mahaɗin nan mai faɗi zai yi sai na ji ya taɓa giyar da ke kusa, tik, tik. A wani ɗan tudu na taka feda da ƙarfi, sarƙa ta haye giyar da ta fi girma, ta ɗaure tamau. A daidai lokacin tayar baya ta faɗa rami. Ban kulle shokar baya ba, na manta sam, don tsohon kekena ba shi da abin da za a kulle. A yawancin kekuna masu shoka a baya, idan shokar ta matsu tazarar da ke tsakanin feda da aksil ƙaruwa take yi, kuma diraila ce ke ba sarƙa wannan rarar. Babu diraila, babu rara. Mahaɗin ya buɗe ya lanƙwashe, rabinsa ya yi tsalle cikin ciyawa.

Na so in mayar da fil ɗin da na fitar in haɗa ta irin ta dā. Sarƙoƙin yanzu ba sa yarda. Kan fil ɗin a daddatse yake, da zarar ka tura shi waje bakin ya cinye, ramin ma ya buɗe. Na mayar da shi da ƙyar, taku uku ta sake tsinkewa. A nan na zauna a ƙasa na yi shiru, rana kuwa ta fara yin ja.

Sauran kayan da ke shimfiɗe a gabana kamar ba'a suke mini. Wayar birki, ga keke mai birkin mai. Takalman birki da ba su shiga wannan kalifa, wato abin da ke matse faifan birki. Sifana mai daidaitawa, mai nauyin tsiya, alhali babu noti ko ɗaya a sabon keken da ke buƙatarta. Tiyub mai inci 27.5, wanda shi kam da zai yi, don yana miƙewa ya cika taya 29 idan ta kama dole. Sai dai da ƙanena ya warware shi, ya nuna mini inda gefen alanki ya yi ta gogarsa a wurin ninki har ya huda. Wa ya san tun yaushe nake yawo da hudajjen tiyub ina taƙama.

Hudajjen tiyub ɗin nan ne dai ya fitar da mu. Muka cusa sarƙa da diraila a jaka, muka ɗaure wayar giya a jikin firam da robar ɗauri mai haƙora, abu ɗaya da ya yi amfani ba tare da gardama ba. Inda hanya ta gangara sai in sauke sirdi in bar keken ya tafi da kansa. Inda ta miƙe, ƙanena ya zarga tiyub ɗin a sandar sirdinsa, ni kuma na riƙe ɗaya ƙarshen a tafin hannu a kan kan keke, ban ɗaure ba, don in iya saki idan wani abu ya taso. Inda ta yi tudu, turawa. Fitila ɗaya gare mu, ta ƙanena. Tafiyar da ba ta wuce minti arba'in ba ta ci mana sama da awa uku, kuma kwana biyu yana ɗingishi saboda jan ƙato da ya yi. Bai ce mini komai ba a hanya sai sau ɗaya, da muka tsaya shan iska: "Yaya, wannan jakar ai da ka haɗa wa wanda ya sayi keken."

Da na samu natsuwa a ƙarshen makon, bayan na sayo hanga biyu da sabuwar sarƙa, na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na rufe akwatin kayan aikina na gida, na ajiye jakar hawa kaɗai a gabana, na ce duk gyaran da zai iya tasowa a daji sai na yi shi yau da abin da ke cikin nan. Na cire tayar baya. Na ɗaura hanga. Na sace iskar taya gaba ɗaya na sake hurawa da ƙaramin famfo. Na bi notunan keken kaf, daga kai zuwa sirdi zuwa faifan birki, ina gwada ko akwai bakin da zai kama kowanne.

Abin da na tono ya ƙara ba ni kunya. Sholishon da ke cikin kayan faci ya bushe ƙurmus, bututun ya zama fanko duk da sau ɗaya na taɓa buɗe shi. Bakin T25 na alankin, wanda ke kwance sukurorin faifan birki, ya cinye. Famfon kuwa irin mai tiyo ne da ake murzawa a kan bawul, kuma da na gama hurawa na zo cirewa sai ya kwanto da zuciyar bawul ɗin Presta, irin siririn bawul ɗin nan na keke, iskar da na sha wahala a kanta ta fice fuu a daƙiƙa biyu. A tsakar gida wannan abin dariya ne. Na ɗaure zuciyar bawul ɗin da kyau, na sa ɗan makullinta a jaka. Da na buɗe tayar gaba, ruwan liƙin tiyubles, wato ruwan da ke toshe huda a taya marar tiyub, ya daskare ya zama dunƙulen roba. 'Yan watanni yake yi dama, musamman da zafi, amma ni tun da aka haɗa keken ban leƙa ba.

Yanzu jakar ta fi dā sauƙi, abin da ya ba ni mamaki. Sifana ta fita, wayar birki ta fita. Alankin da na saya yana da 8, kuma na gwada shi a kan notin hangar da hannuna kafin in yarda da shi, don wasu gajeru ne ba sa ba ka ƙarfin murɗawa. Mahaɗin sarƙa biyu nake ɗauka, ba ɗaya ba, kuma na kamfanin da ya yi sarƙar, domin ko a giya 12 ɗin ma na Shimano daban na SRAM daban. Ɗaya yana jaka, ɗaya na liƙe shi da salatif a jikin tiyon birki. Tare da su akwai guntun sarƙar da ya rage lokacin da aka yanke sabuwa, wanda dā zubarwa nake yi. Tiyub yana cikin tsohuwar safa don kada wani ƙarfe ya sake taɓa shi. Akwai igiyoyin toshe huda na tiyubles, da ɗan yankin tsohuwar taya don tare tsaga ta gefe, da fitila ƙarama ko da da safe zan fita.

Ƙanena yana ta fama da ni in bar famfo in koma kwalbar iskar CO2. Na ƙi. Mai giram 16 da ƙyar take cika taya 29 mai faɗi, kuma harbi ɗaya ne, idan bakin bai zauna daidai ba ta tafi ke nan. Ina ɗaukar ɗaya mai giram 25 saboda zaunar da bakin tiyubles a kan rim, amma famfo yana nan. Wanda ya taɓa riƙe mahaɗi ƙwaya ɗaya a tafin hannu, rana na faɗuwa, ba ya ƙara son abin da ba shi da na biyu.

Akwai masu cewa ɗaukar hanga wuce gona da iri ne, shekara nawa mutum zai yi bai karya ba. Ba na musu da su. Ni ma shekara huɗu na yi ina yawo da waccan ban taɓa buƙatarta ba, kuma wannan daɗewar ce ta sa na daina ganinta. Ta zama nauyi kawai a ƙasan jaka, sunanta hanga. Da na buɗe zif ɗin nan na minti biyar ranar da na canza keke, da na gani. Minti biyar. Nakan tuna wannan duk sanda na wuce wurin falalen dutsen.

Na kira wanda ya sayi tsohon keken na ce ya zo ya karɓi hangarsa da takalman birkinsa. Ya yi ta godiya, ya ce bai taɓa ganin mai sayar da keke da ke biyo mutum da safaya bayan wata biyu ba. Ban gaya masa dalili ba.