Lasifika ɗaya tal

Yau da la'asar wani abokina ya zaunar da ni gaban akwatuna biyu da kafinta ya haɗa masa. Kowanne lasifika ɗaya tal ce a ciki, ƙirar kamfanin Fostex na Japan, mai inci 4, babu ƙaramar nan ta siririn sauti, babu na'urar da ke rarraba sauti gida-gida. Ya saka tsohuwar waƙar kukuma. Wallahi kafin mawaƙin ya buɗe baki sai da na ji ya ja numfashi, na ji izga tana gogar tsirkiya kamar a gabana ake yi. Murya da kiɗa daga wuri guda suke fitowa, ba su rabu ba. Tsigar jikina ta tashi.

Da ya juya zuwa kiɗan zamani mai dukan ƙirji sai ta gaza, don ƙaramar lasifika ba ta tura iska da yawa. In ka kauce gefe ma, siririn sautin ya dushe. Ban damu ba. Rediyon Baba na tuna, wanda muke kewayewa bayan isha'i, shi ma lasifika ɗaya gare shi. Ashe wannan muryar nake ta nema tun tuni.