Igwar Škoda mai milimita 37: yadda take aiki da inda ta gaza

Kamfanin Škoda da ke birnin Pilzan ya ƙera wannan ƙaramar igwa, sojojin Chekoslobakiya kuma suka karɓe ta a 1934, shi ya sa ake kiranta vz. 34, wato samfurin shekarar 34. A masana'anta sunanta A3. Iri biyu aka yi ta: ɗaya bisa tayoyi biyu, ana janta don tare tankokin abokan gaba, ɗaya kuma an dasa ta cikin tankar LT vz. 34, daga baya cikin LT vz. 35.

Faɗin bakinta milimita 37 ne da ɗan ɗoriya, tsawon bututun ya ninka haka sau 40, wato kusan mita ɗaya da rabi. Harsashin huda sulke ya ɗan haura giram 800, yana fita da gudun da ya kusa mita 700 a daƙiƙa. Daga nisan mita 500 yana ratsa farantin ƙarfe mai kaurin kimanin milimita 30. A 1935 wannan ya ishe ta, don yawancin ƙananan tankokin lokacin sulkensu bai kai haka ba.

Abu biyu ke sa a gane ta a hoto. A bakin bututun akwai wani ƙarfe mai huji-huji da ke karkatar da iskar albarushi gefe, ya rage ƙarfin bugun baya. A saman bututun kuma ga wata doguwar silinda a lulluɓe da sulke, wadda ke shanye sauran bugun ta mayar da igwar mazauninta. Marfin gindin ba sai an buɗe shi da hannu ba bayan harbi: da igwar ta komo gaba sai ya buɗe da kansa ya tofar da kwanson, da an tura sabon harsashi ya rufe.

Igwar ba ta da laifi. Laifin na wurin da aka sa ta ne. A LT vz. 35 mutum ɗaya ne a cikin kan tankar mai juyawa, shi ne kwamanda. Shi zai leƙa ya gano abokin gaba, ya juya kan da hannu, ya ɗauko harsashi daga cikin 78 da ke jere, ya ɗura, ya saita, ya harba, sannan ya gaya wa direba inda zai bi. Duk lokacin da idonsa ke kan madubin saiti, ba wanda ke duba fili. Da Jamus ta mamaye Chekoslobakiya a watan Maris 1939 ta kwashe tankoki 244, ta sa musu suna Panzer 35(t), igwar ta koma KwK 34(t). Gyaran da ya fi amfani shi ne ƙara mai ɗura harsashi. Don a sama masa wurin tsayawa aka rage harsasai zuwa 72, kuma cinikin ya yi riba.

Škoda ta biyo da igwar A7 don tankar LT vz. 38, bututunta ya fi tsawo, kusan ninki 48 na faɗin bakinta, gudun harsashi kimanin mita 750 a daƙiƙa.

A Polan a 1939 da Faransa a 1940 igwogin biyu sun yi aiki, ko da yake manyan tankokin Faransa irin su Char B1 sun fi ƙarfinsu ta gaba. A 1941 ne asiri ya tonu a Tarayyar Sobiyet. Tankar Sobiyet T-34 na da sulke milimita 45 a karkace, harsashi mara nauyi kan zame a kansa ya wuce. Tankarsu KV-1 kuwa sulkenta milimita 75 ne. Sai dai a matso kurkusa a nemi sarƙar ƙafa, ko gefe, ko baya. Ga kuma sanyin hunturu da ya daskarar da na'urar iska mai sarrafa giya da birkin 35(t), har Jamus ta janye ta daga fagen daga a 1942.