Abin da yumɓun fenti ya koya mini a wurin wankin mota

Shekarata uku ina wankin mota a Kano kafin na san cewa wanki daban, tsabtar fenti daban. A da, in na kaɗa omo a bokiti, na cuɗe mota daga rufi har taya, na ɗauraye na goge, sai in shafa folish, in ja da baya in ga tana ɗaukar ido. Mai mota ya biya ya tafi. Bayan sati biyu ya dawo ƙyallin ya dushe, mu ce ai ƙurar gari ce.

Da na koma hannun wani maigida da ya san fenti ciki da bai, ranar farko ya bar ni na wanke wata farar Corolla 'yar Kwatano. Na gama na ce, "Maigida, an kammala, sai folish." Bai tanka ba. Ya zaro farar leda marar kauri, irin wadda ake ƙulla sukari, ya ce, "Sa hannunka ciki, ɗana, ka shafa bonet a hankali." Na shafa. Wallahi kamar samfefa nake shafawa. Motar da na wanke da hannuna, ga ta fari tas a ido, amma ƙarƙashin yatsuna duk ƙuraje ne. Ya ce in sunkuya in duba. Sai ga ɗige-ɗige ja-ja kamar kan allura, birjik a jikin farin fentin.

Tsatsa ce. Garin ƙarfe ne da ke tashi daga birki, da giranda ta masu walda, da tashoshin da mota ta kwana a hanyarta ta zuwa. Yakan sauka ya cake a kiliya, wato shafen nan garai-garai da ke saman launi, raɓa ta taɓa shi ya yi tsatsa a wurin. Ban da shi akwai feshin fenti da iska ke ɗebowa daga garejin maƙwabta, da danƙon bishiya, da kwalta. Sabulu na wucewa ta kansu ne kawai. In ka shafa kaki a haka, datti ka lulluɓe, kuma kakin bai zauna a kan fenti ba balle ya daɗe.

A nan ma na fara rarrabe abu biyu da muke haɗawa mu ce folish. Folish na gaskiya cin fenti yake yi kaɗan don ya daidaita shi. Kaki kuwa, wanda ake ce wa waks, rufi ne kawai, kuma irin na gargajiya daga ganyen wani giginya na ƙasar Burazil mai suna kanauba ake samo shi.

Abin da maigida ya ciro daga 'yar robarsa, masu sana'a na ce masa kile, ni kuwa yumɓun fenti nake kiransa. Ba yumɓun ginin tukunya ba ne. Danƙon roba ne da aka cuɗa da wani gari mai laushi ƙwarai. A Japan aka ƙirƙiro shi, ya shiga Amurka a farkon shekarun 1990, kuma masu fentin mota ne suka fara rungumarsa don cire feshin da ya fantsama inda ba a so.

Ya gutsuri kaɗan, ya murza a tafinsa har ya yi laushi, ya faɗaɗa shi kamar ƙaramar waina. Ya fesa ruwan sabulun mota a wani yanki na bonet da bai wuce taku biyu ba kowane gefe, ya ɗora yumɓun da yatsu uku, yana kai shi yana dawo da shi a miƙe, ba dannawa. Da farko ana jin yana kamawa, yana ƙara shaa-shaa. Can sai ƙarar ta ɗauke, ya koma sulɓi kamar sabulu a kan tangaran. Ya juyo mini da cikinsa: ya yi ruwan ƙasa, da ɗigon baƙi. Ya ninke dattin ciki, ya sake murzawa, ya fito da sabuwar fuska. Ya ce, "Kunnenka da hannunka ne za su gaya maka ka gama. Kada ka bari wurin ya bushe, kada ka yi a rana, fenti na zafi." Na sake sa ledar na shafa wurin, sumul kamar gilas.

Darasin da ya fi zama mini kuwa da tsada na saye shi. Lokacin hunturu ne, garin ya yi hazo, aka kawo wata baƙar mota ta wani Alhaji da ke zuwa wurinmu a kai a kai. Maigida ya fita, ya bar mini. Ina cikin yin bonet yumɓun ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Na san dokar sarai: wanda ya taɓa ƙasa ya tashi aiki. Amma sabo ne, daga waje ake kawo shi, da tsada, kuma babu wanda ya gani. Na ɗauraye shi a famfo, na tsince abin da idona ya gani, na ninke, na ci gaba. A inuwa komai lafiya lau. Da aka fito da motar rana sai ga zane-zane sirara, dogaye, sun bi duk inda hannuna ya bi. Ƙwayar yashi ta fi fenti ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma danƙon da ke kama garin ƙarfe haka yake riƙe yashi, ruwa ba ya fitar da shi.

Maigida ya dawo ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ya faɗi ko?" Na ce, "Ya faɗi, maigida." Ya ɗauko takarda ɗaya ya riƙe a gabana, ya ce kiliyar mota daga kamfani ba ta wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, kusan rabin kaurin wannan takardar, kuma duk abin da inji ya ci a ciki ya tafi ke nan. Ya yini yana bin bonet ɗin da injin folish. Da Alhaji ya zo da yamma, bai ɓoye masa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, an samu kuskure a hannunmu, mun gyara, amma ya kamata ka sani." Bai karɓi ko sisi ba ranar. Wannan ya fi mini zafi a kan a ce faɗa ya yi mini.

Tun daga nan, sandar yumɓu mai giram 100 kashi huɗu nake yanka ta, in ɗaya ya faɗi in jefar ba tare da na tsaya shawara da zuciyata ba. In iska na kaɗa ƙura, a rufe nake aiki, kuma kowane ɓangare sai na sake ɗauraye shi kafin yumɓu ya hau. Kwalta mai kauri da kananzir nake fara narkar da ita, in wanke, don kada ta ɓata yumɓun a banza. Masu cewa a yi musu duk sati ina ba su haƙuri: sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, sai in leda ta nuna akwai buƙata. Kuma ina gaya musu tun farko cewa ba ya cire ƙarzuwa, yana kuma tafiya da tsohon kaki, don haka dole a shafa sabo kafin mota ta bar wurin.

Baƙar motar nan har yanzu tana zuwa. In na zo kan bonet ɗinta yumɓu mafi laushi nake ɗauka, in ƙara ruwan sabulu fiye da ko'ina, don na san kiliyar wurin ta fi ta sauran jikin siranta.