Shirun da ke gaban Haleluya ta ƙarshe

Da kakar bara, ana tsakiyar yankan dawa, malamin waƙarmu ya dawo daga Kano da takardu a leda, ya ce bana Haleluya ta Handel, wani Bajamushe mai tsara waƙoƙi, za mu rera ran Kirsimeti. Mu ashirin da ɗoriya ne a kwayar majami'armu ta ECWA, a wani ƙauye gefen Gani a ƙasar Sumaila, kuma ba mai karanta ɗigo-ɗigon nan na Turawa da ake rubuta sautin waƙa da su. Do, re, mi muka iya, wanda aka gada tun zamanin 'yan mishan. Da alli ya kwafe mana ita a allo, layi huɗu, daga siririyar murya zuwa kakkaura: sofrano, alto, tena, bes. Kalmomin kuwa ya mayar da su Hausa, da ma daga Ru'ya ta Yohanna ta Littafi Mai Tsarki suke, sura 11 da ta 19.

Ni alto ce, kuma ciwona tsoho ne: da na ji sofrano sun ɗauka sai in bi su kamar raƙumi da akala. A Littafin Waƙoƙi asirina bai cika tonuwa ba, don muryoyin tare suke tashi, tare suke sauka. Amma Bajamushen nan da ya tsara wannan a Landan a 1741 bai bar wa irina maɓoya ba. Wurin da ake cewa zai yi mulki har abada, bes ne ke farawa, tena su biyo, sannan mu, sofrano a ƙarshe. To bayan wa zan laɓe?

Sai Malam ya raba mu. Alto ƙarƙashin darbejiya, maza bayan ɗakin fasto, mako biyu ba mu ji juna ba. Ya rera mini layina a waya, ina daka ina bi, taɓarya na ƙirga mini ɗaya, biyu, uku, huɗu. A turmi na gane cewa ƙirga nake rasawa, ba murya ba. Inna har ta ce, "Ke, tuwon nan da Haleluya za a ci shi?"

Hunturu ya shigo ya dusashe mana murya. Citta da zuma suka yi aikinsu.

Abin da ya fi ba ni wuya ba shi da sauti ko kaɗan. Gab da ƙarshe, bayan an jero Haleluya a guje, kowa sai ya ɗauke wuta ɗif, kafin a saki ta ƙarshe a hankali. Ran gwajin ƙarshe ni kaɗai na faɗa cikin shirun nan da "Ha!" mai ƙarfi. 'Yan bes suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Ƙanwata, shirun ma rubutacce ne. Daina kallon takarda, kalli hannuna."

Ran 25 ga Disamba jama'a suka miƙe tsaye kamar yadda ake yi wa wannan waƙa. Tena sun ɗan yi ƙasa a tsakiya, ba zan ɓoye ba. Da muka iso wurin, na kafa wa hannun Malam ido, na cije leɓe. Majami'a ta yi tsit har ina jin kukan akuya daga gidan maƙwabta, sannan hannun ya sauko.