Ƙofofi bakwai a zauren wata tsohuwar laftof

Akwai wata laftof a shagona da mai ita ya bar mini a madadin kuɗin gyara. Madannai uku sun fice, batirinta ba ya wuce minti ashirin, amma cikinta lafiya lau. Na sa mata Linux, na ɗora mata wata manhaja mai suna Synchronet, na mayar da ita BBS, wato allon saƙonni na kwamfuta. Tun bayan ƙaramar sallah nake fama da ita, duk la'asar idan ciniki ya lafa.

Ga wanda bai san BBS ba: kafin intanet ta shiga gidaje, mutum kan bar kwamfutarsa a kunne dare da rana, ya haɗa ta da layin tarho ta hanyar modem, jama'a su riƙa kiran lambarsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya samu shiga ya karanta saƙonnin da aka bari, ya bar nasa, ya kwashi fayil, ya fita ya ba na baya wuri. Ward Christensen da Randy Suess ne suka buɗe ta farko a birnin Chicago na Amurka ranar 16 ga Fabrairu 1978, bayan dusar ƙanƙarar da ta tsare mutane a gida a watan Janairun shekarar. Ni ban riski wannan zamani ba. A karatu na tsince shi, ya shiga raina, musamman da na gano har yau akwai masu riƙe da irin waɗannan alluna, sai dai yanzu ta telnet, wata hanyar shiga kwamfuta ta intanet, ake shiga maimakon tarho.

Ɗora Synchronet bai ba ni wahala ba. Rob Swindell ya fara rubuta ta tun 1991, kuma har yanzu ana kula da ita, ana kuma samunta kyauta. Inda na daɗe shi ne wajen da masu harkar suke kira ƙofofi.

Ƙofa wata manhaja ce dabam, wadda ba cikin BBS take ba. Baƙo yana zaune a babban jerin zaɓi, ya danna X, a nuna masa abin da ke akwai, ya zaɓi lamba. Daga nan BBS ta ja gefe, ta miƙa layin baƙon ga waccan manhajar, ta jira. Idan ya gama wasansa ko karatunsa, manhajar ta rufe, ya sake ganin kansa a inda ya tashi. Da na fahimci haka sai na ga ai zaure ne. Maigida yana zaune, baƙo ya yi sallama, a nuna masa ƙofar da zai bi, in ya fito ta nan dai zai biyo. Aikina shi ne shirya zauren.

Abin da ya fi burge ni a duk tsarin shi ne ɗan fayil ɗin da BBS take rubutawa kafin ta miƙa baƙo. Manhajar da ke bayan ƙofa ba ta san kowa ba, ba ta san wa ya shigo ba balle minti nawa ya rage masa. Saboda haka sai BBS ta rubuta 'yar takarda ta ajiye a foldar layin da baƙon yake kai, kamar yadda ake ba yaro wasiƙa ya kai wa malami. Irin da aka fi amfani da shi sunansa DOOR.SYS, layi 52 ne na rubutu tsagwaronsa. Na buɗe shi wata rana ina karantawa a hankali. Layin farko tashar da modem take, na biyu saurin layin, na huɗu lambar layin da aka shigo, na goma cikakken sunan baƙon, na goma sha tara mintocin da suka rage masa, na ashirin ko fuskar kwamfutarsa tana iya nuna launi. Ke nan. Da wannan 'yar takardar manhajoji ɗaruruwa da mutane dabam-dabam suka rubuta a ɗakunansu suka iya aiki da BBS iri-iri ba tare da marubutan sun taɓa haɗuwa ba. Akwai wasu nau'o'in, DORINFO1.DEF da CHAIN.TXT da DOOR32.SYS na baya-bayan nan, kuma kowace ƙofa tana da wanda take iya karantawa. In ka ba ta wanda ba ta sani ba, za ta buɗe ta rufe cikin ƙiftawar ido, baƙo ya ga an dawo da shi zaure ba tare da bayani ba.

Ana shigar da ƙofa ne ta manhajar saiti mai suna SCFG. Ka fara ƙirƙirar sashe, sannan a cikin sashen ka ƙara ƙofa: sunan da baƙo zai gani, gajeren suna na cikin gida, foldar da manhajar take, umarnin da zai tayar da ita, irin takardar da za a rubuta mata da inda za a ajiye, ko mutum biyu za su iya shiga lokaci ɗaya, da kuma wa aka yarda ya gan ta. A cikin umarnin akwai alamomin da BBS take cikewa da kanta, misali %# yana zama lambar layi, %f kuma hanyar da takardar take.

Ƙofar da na fara sha'awar sawa ita ce Legend of the Red Dragon, wato wasan jan dodo, wadda Seth Robinson ya fitar a 1989. Wasa ne na rubutu: kana shiga daji, ka yi faɗa da dodanni, ka tara zinariya, ka sayi makami, ka je wurin malamin yaƙi ya gwada ka ko ka isa hawa mataki. Ta DOS ce, tsohon tsarin da kwamfutoci ke aiki da shi a da, don haka sai da na sa DOSEMU, manhajar da ke kwaikwayon DOS, domin Linux ta iya ɗaukarta. Kwana uku ina dannawa tana dawo da ni. Na duba umarni, daidai. Na duba irin takarda, daidai. Ashe kuskuren nawa ne a cikin saitin wasan kansa. Na rubuta masa cewa ya nemi takardar a /sbbs/node1, wato yadda nake ganin foldar daga Linux. Shi kuwa wasan a cikin DOS yake zaune, bai san wannan hanya ba, a wurinsa foldar layin ita ce D:. Da na gyara wannan, na danna lamba ɗaya, sai ga jan dodo ya cika fuskar laftof ɗin. Na kira babban yaron shagon ya zo ya gani.

"Oga, wannan shi ne abin da ka kwana uku a kai?"

Na ce masa ya zauna ya buɗe suna. Sai da na yi masa magana sau biyu kafin ya tashi muka tafi magariba.

Wata ƙofar kuma da na samo a wani tsohon rumbun fayiloli ta ƙi tashi da saƙon kuskure mai lamba 200. Wannan sananniyar matsala ce ta manhajojin da aka rubuta da Turbo Pascal a wancan lokaci. Idan sun tashi sukan auna saurin injin da ƙirge, to idan injin ya wuce kamar megahaz 200 sai ƙirgen ya fi ƙarfin ma'ajinsa, lissafin ya rushe. Akwai 'yar manhajar da ke gyara fayil ɗin cikin daƙiƙa ɗaya. Na daɗe ina tunanin wanda ya rubuta ƙofar, yana gaban injinsa bai taɓa zaton za a zo lokacin da kwamfutar da aka yar a shagon gyara za ta yi wa aikinsa sauri ba.

Da ƙofofin suka fara aiki sai na koma kan fuskar jerin. Synchronet tana haɗa jeri da kanta, lambobi da sunaye, tsaf amma ba armashi. In ka zana naka ka ajiye a foldar text/menu da sunan da ya dace, shi za ta nuna. Zanen BBS da haruffa ake yinsa, a fili mai faɗin harafi 80 da tsawon layi 25, launi 16, ana gina siffa da 'yan tubalan baƙaƙe kamar mai jera bulo. Na zana ƙofar zaure mai zankwaye biyu a sama, launin jar ƙasa, na bar tsakiya don sunaye.

A nan ne na ci karo da abin da babu wani bayanin Turawa da ya faɗa mini. Jerin haruffan da BBS ta gada, wanda ake kira CP437, ya zo ne da kwamfutar IBM ta 1981. Gurbi 256 ne. Akwai é ta Faransanci, akwai ñ ta Sifaniyanci, akwai wasu haruffan Girka, akwai layukan zana akwati iri-iri, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Na so in rubuta "Maraba da baƙi" a saman ƙofar, kuma idan na cire lanƙwasar sai ya zama ina yi wa baki maraba. Synchronet ta yanzu tana iya aika haruffanmu ga wanda manhajar shigarsa ta san UTF-8, tsarin haruffa na zamani, amma tsofaffin ƙofofin DOS ba su san wannan ba, zanen ma da CP437 aka fi ganinsa daidai. Na koma ga dabarar masu tafireta ta da, na rubuta bak'i da K'ofofi da 'yar waƙafi a sama. Bai yi mini daɗi ba, har yau ma bai yi mini ba, amma na gwammace hakan da in bar kalma ta sauya ma'ana, kuma na ƙi mayar da jerin Turanci don kawai in huta.

Zanen hannu yana da tarkonsa. Lambobin da ka zana ba sa motsi, amma lambobin da BBS take ƙirgawa suna bin jerin da ke SCFG. Na ƙara TradeWars 2002 na Gary Martin, wasan fatauci tsakanin taurari, na saka shi a tsakiyar jeri na manta da zanen. Yaro ya danna uku yana neman dara, ya tsinci kansa a jirgin sama jannati. Haka kuma idan ka ɓoye wata ƙofa ga sababbin baƙi, lambobinsu za su bambanta da naka. Tun daga ranar duk sabuwar ƙofa a ƙarshen jeri nake sa ta, waɗanda kuma ni kaɗai ke shiga na ware musu sashe dabam.

Na yi sassa biyu kacal ga jama'a, Wasanni da Dandali. A Dandali akwai bangon da kowa ke barin layi ɗaya na magana, da jerin waɗanda suka shigo yau. Na lura yaran ba sa wuce bangon nan ba su karanta ba, ko da wasa suka zo yi, shi ya sa na mayar da shi lamba ɗaya a sashensa.

Har yanzu ba a iya kiran allon daga waje. Layin data na waya ba ya ba mutum adireshin da za a same shi kai tsaye, don haka a kan wayfay ɗin shago kawai yake. Mu shida ne masu suna a ciki: ni, yaran shago uku, mai shagon caji na kusa da mu, da ƙanena idan ya biyo daga makaranta. Idan aka ɗauke wuta kuma batirin ya mutu ana tsakiyar wasa, wani lokaci wasan yakan ɗauka mutumin yana ciki har yanzu, ya hana shi sake shiga sai na share alamar da hannu. Na haɗa laftof ɗin da batirin sola saboda wannan.

Wasan jan dodo yana ba kowa adadin faɗa a daji a kowace rana, in ya ƙare sai gobe. Ƙaramin yaron shagon ya same ni ranar Laraba.

"Oga, don Allah a ƙara mana. Kai ne mai saitin."

Gaskiyarsa, ina iya ƙarawa. Na ce a'a. Waɗanda suka tsara wasannin nan sun yi su ne don layin tarho ɗaya da mutane da yawa ke jira, kowa ya ɗan taɓa ya ba wani. Ina son ganin yadda yake gama rabonsa cikin minti goma sha biyar, ya bar wa mai caji saƙon barazana a bango, ya koma kan aikin da ke gabansa. Wayar da ke aljihunsa ba ta taɓa ce masa ya isa haka ba.

A zanen na bar gurabe bakwai, shida sun cika. Na bakwai na rubuta "Kacici-kacici" da launin toka, alamar ba a buɗe ba. Ina rubuta ta da JavaScript, wanda Synchronet take ɗauka kai tsaye ba sai an bi ta DOS ba. Tambaya ɗaya a rana, wanda ya amsa daidai sunansa ya hau allo. Na tara guda arba'in da ɗaya zuwa yanzu, yawancinsu daga bakin Inna, kuma ranar Juma'a zan koma gida da littafi in ƙaro.