Godiya ga duk wanda ya raka kakanmu

Assalamu alaikum. A madadin iyayenmu, da mu jikoki da tattaɓa-kunne, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana a rashin kakanmu. Mako biyu ke nan da muka kai shi makwancinsa, sai yau na iya zama na rubuta wani abu. Wayata cike take da saƙonnin da ban amsa ba. A yi mini uzuri don Allah, na gani, na karanta, wasu ma har sau biyu.

Ya haura shekara ɗari, amma da nawa, shi kansa dariya yake yi in an tambaya. Ya ce ranar ɗaukar kurata wani Bature ne ya dube shi sama da ƙasa, ya rubuta abin da ya ga dama.

Da yawa daga cikin masu gaisuwa sun ce ba su taɓa sanin tsohon soja ba ne, sai da suka ga lambobinsa a falo. To bari in faɗa muku kaɗan. Yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Shi dai yaƙin Bama yake ce masa. Daga Legas aka zuba su a jirgin ruwa, suka zagaya ta ƙarshen kudancin Afirka, suka sauka Bombai a Indiya, sannan aka ratsa da su ƙasar a jirgin ƙasa har bakin iyakar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba, sai ga shi makonni a kansa yana amai.

Muna yara mun ɗauka harbi ya yi ta yi. Mukan kewaye shi mu ce, "Kaka, Japanawa nawa kuka kashe?" Ba ya amsawa. Sai ya cire hula, ya kama hannun wanda ya yi tambayar ya ɗora a tsakiyar kansa. Akwai wani wuri a nan, faɗin tafin hannun yaro, gashi bai sake fitowa ba, fatar ta yi kanta kamar dunduniya. Ya ce, "Ga bindigata nan."

Cikin masu ɗaukar kaya yake. Adda aka ba shi, gammo kuwa shi ya naɗa abinsa. Zan faɗi gaskiya tunda ya tafi: ina firamare na ji kunyar wannan, har na gaya wa abokaina cewa kakana mai harba igwa ne. Sai da na girma na gane inda aka kai su. Kwarin Kaladan ne, a yankin Arakan, duwatsu da dajin gora, babu titi. Da hannu suka sare hanyar ƙananan motoci ta wajen mil 75 kafin su shiga ciki, inda hanyar ta ƙare kuma sai ƙafa. Kusan duk abin da rundunar ke bukata daga sama jirage suke jefo shi da lema. In ya faɗo, wani ne zai nemo shi a cikin daji, ya ɗora a ka, ya hau dutse da shi: akwatunan harsashi, sassan igwa, na'urar sadarwa. In an yi artabu kuma su ne masu ɗauko wanda aka harba. Ya ce kaya mafi nauyi shi ne mutumin da ke kiran sunan uwarsa, kana jin muryar tana raguwa, ba kuma halin ka tsaya. Sau ɗaya tak ya faɗa mini wannan, ban sake tambaya ba.

Ya fi son labarin matsattsaku, yadda suke shiga takalmi da damina, da zazzaɓin da ya kwantar da ƙarti fiye da yadda harsashi ya yi. Har ya rasu, jirgi ba ya wucewa bai ɗaga kai ba. Ko da idon ya tafi, sai ka ga ya karkata kunne yana bin ƙarar, bakinsa na motsi.

A Janairun 1945 rundunarsu da ta 82 suka haɗu suka karɓe Myohaung. Japan ta miƙa wuya a watan Agusta, shi kuwa sai 1946 ya ga gida. Sunayen da kuke gani a ƙofar bariki, Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, duk wurare ne a Bama. Muna wucewa muna karantawa kamar sunan unguwa. Turawan da suka yi yaƙi a can ƙarƙashin Janar Slim suna ce wa kansu rundunar da aka manta. In su aka manta, ina ga mai gammo?

Abin da ya biyo baya kusan shekara tamanin ne na noma da tarbiyya da haƙuri. Ya binne mata biyu da 'ya'ya huɗu. Kullum da asuba sai ya ninke bargonsa kusurwa ta haɗu da kusurwa, in ka taya shi ka karkace sai ya warware ya sake. Ya yi ta zaryar wani ofishi a kan haƙƙinsa, ana ce masa ya dawo wata mai zuwa, har ƙafa ta gaza. Sun yi alƙawarin turo wakili ranar jana'iza, ba mu ga kowa ba. Na faɗa ne don a sani, na kuma bar shi a nan.

Goggo, ke ce farko. Shekara tara kina juya shi, kina wanke shi, kina jin labari ɗaya sau ɗari kina dariya kamar yau kika fara ji. Mu da muke zuwa da tsaraba mu ɗauki hoto mu tafi, mun san ba mu yi komai ba. Allah Ya ba ki masu yi miki.

Muna godiya ga ma'aikatan jinya da suka kwana da shi a darensa na ƙarshe, musamman baiwar Allahn da ta lura ba ya karɓar magani sai an ce masa "Kofur, oda ce." Da maƙwabtan da suka buɗe mana ɗakunansu baƙi suka kwana. Da yaron da yake zuwa yi masa aski duk mako, ya ƙi karɓar ko sisi, wanda ya san ya bi wurin nan na tsakiyar kai a hankali. Da waɗanda suka yi tafiyar yini guda, da waɗanda suka kira daga ƙasashen waje.

Sai tsofaffin sojojin da suka zo su bakwai ba tare da mun gayyace su ba. Wasu sun yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wasu Laberiya suka je. Babbansu da sanda yake tafiya, amma da aka fito da makara ya miƙa wa na kusa da shi sandar, ya ƙame, ya sara. Sun nemi a bar su su kama. Da muka ɗaga, ba nauyi ko kaɗan. Baffa yana gabana, na ji ya ce a hankali, "Yau dai Baba ku ake ɗauka." Daga nan ban iya ganin hanya sosai ba. Duk wanda ya riƙe kafaɗata a lokacin, ban ga fuskarka ba, na gode.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya gafarta masa, Ya haɗa shi da abokansa da aka baro a can.

Roƙo biyu. Duk wanda yake bin sa wani abu, ko ya san wanda yake bi, ya tuntuɓi Baffa. Sannan a cikin gwangwanin da yake ajiye lambarsa ta Tauraron Bama mun sami hoto guda, samari biyar cikin kaki, babu suna ko ɗaya a baya. Shi ne na biyu daga hagu. Zan sa shi a ƙasan wannan saƙo. In kakanku ya je Bama, ku duba da kyau, ku nuna wa manya a gida.